Warin Gida

Shekara goma sha tara ina wankin kejin ɓeraye
a bayan ɗakin bincike, can hanyar Dutsin-ma.
Baho uku, buroshi mai karyayyen hannu,
omo, da tukunyar ruwa bisa risho.
Kafin azahar na wanke saba'in,
ran Litinin kuwa tamanin da 'yan kai.
Tafukana suka yi kaushi, har Tsahara ta ce
in daina shafa kan jikanmu, kuka nake sa shi.
Ko a sahu, na kusa da ni
yakan ɗan ja kafaɗa. Ban ga laifinsa ba,
fitsarin ɓera ba ya jin turare.

Sai ga takarda, wai an sayo inji.

Ya iso ran Laraba a bayan tirela,
ƙofa ta ce ba ta san zance ba.
Magina suka fasa bango kamu biyu,
zomaye suka kwana uku ba su taɓa dusa ba
don ƙarar guduma.

Injiniya Kallamu, sa'ar ɗana na biyu,
ya ce, "Baba Lawandi, jera su a kife,
rufe, danna koren.
Zafinsa digiri tamanin da biyu,
ba ƙwayar cutar da za ta kai labari."
Minti ashirin. Na buɗe, tururi ya mare ni.
Keji arba'in suna ƙyalli kamar tangaran.
Na shinshina. Ba komai.
Na tsaya da hannuwa biyu
ban san inda zan aje su ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi.
Na kuma ji daɗi,
bayana ya daina tashina da tsakar dare.

Shi ma fa yana da nasa halin.
Ruwan burtsatsenmu ya toshe masa hanci da farin gishiri
sai da aka ɗaura masa matata.
In an ɗauke wuta ya tsaya da kumfa a baki
yana jiran janareto kamar kowa.

Sati na uku Dakta Asabe ta shigo fuska ba walwala.
A ɗaki na huɗu maza na cizon juna,
wutsiya duk jini.
Wata uwa ta watsar da ɗiyanta takwas a kusurwa,
jajaye, kamar ɓararriyar gyaɗa.
Aka auna zafin ɗaki. Aka sauya abinci.
Aka kai ruwa gwaji.
Ni ina bakin inji ina danna kore,
ba wanda ya tambaye ni.

Kwana biyar na haɗiye, ran na shida na ce,
"Dakta, da can ban taɓa mai da ɓera sabon keji ba
sai na tsinko 'yar tsohuwar sheƙarsa,
kamar yadda ake ɗibar gishiri da yatsa uku,
na aje masa a lungu.
Wannan takarda ta bango ce ta ce
kada tsoho ya taɓa sabo, na bari.
Ɓera da hanci yake gane gida.
Mun wanke musu gari kaf, kowa ya zama baƙo."

Ta dube ni, ta dubi takardar.
Ba ta ce komai ba.
Washegari na tarar da rubutun biro
a ƙarƙashin doka ta tara,
layi ɗaya, ya ɗan karkace.

Uwar nan ta kwashe ɗiyanta da baki, ɗaya ɗaya.
Shida suka rayu.

Yanzu ina tashi aiki da sauran rana,
in tsaya Ƙofar Ƙaura in sayi rake.
A sahu ba mai ja da kafaɗa.
Jikana yana yarda in shafa kansa.
Amma kowace Litinin, in na tsinko sheƙa
na aje a lungun keji mai ƙyalli,
kafin in tuɓe safar hannu
nakan kai yatsun nan uku hanci.