Fitilun Ƙasa

La'asar sakaliya ruwa ya ɗauke a Dilimi,
Gyang ya faka babbar motarsa a bakin shagona,
bodi cike da dankalin Bokkos, jar ƙasa na ɗiga.
Ko gaisuwa babu. Ya ce, "Tanimu, saura ƙiris.
Shekaranjiya a Hawan Kibo, saura ƙiris."

Wai gajimare ne ya sauko ya kwanta a kwalta,
kamar an kifa ƙwaryar nono a kan gilashi.
Ya kunna manyan fitilu, farin ya dawo masa ido.
Ya kashe su, na ƙasa suka bi su suka mutu.
Ga duhu, ga kwana, ga tan talatin na tura ƙeya,
yaron mota na kiran uwarsa da sunan yanka.

Na ce haka maƙera suka ƙulla su tun can,
ƙarama ba ta buɗe ido sai babba ta farka.
Ƙila a ƙasarsu da dalili.
Ba su taɓa gangara Kibo a watan Agusta ba.

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashin bamba.
Ruwan taɓo ya sami kunnena.
Wayoyi sun cukurkuɗe kamar kitson bara,
wani ya riga ni nan, ya ɗaure da ledar burodi,
Allah ya yafe masa, ni dai da saura.
Na bi su da tasta, wannan ba ita ba, wannan ma,
sai ƙwan ya ƙifta a kan wata shuɗiya
mai karɓo umarni daga sama.
Filaya ta ce ƙas.
Na naɗe bakin da salatif, na ce huta.

Sabuwar waya, ja, mai kauri,
daga kan batir na jawo ta.
Taƙi ɗaya, na dasa fis.
Nanbol, yarona, ya ce, "Oga, a wuce kai tsaye mana,
dare na yi."
Na ce ka taɓa jin warin tirela tana ci da wuta?
Ni na ji, a Mararrabar Jama'a,
har yau ba na son ƙaurin roba.
Miƙo rila.
Ita za ta ɗauki nauyin wutar,
makunni aikinsa raɗa kawai.
Kankare tsatsar nan sai ƙarfe ya yi fari,
waya ba ta ƙulla amana da datti.

Ina huda wa makunnin gurbi kusa da sitiyari
sai Malam Barau ya faɗo mini.
Shekara tara ina riƙe masa tocila,
ban taɓa waya ba sai ya taɓa,
ban ce na gane ba sai ya ce na gane.
Ranar da ya sallame ni, filayar nan ya ba ni,
bai ce komai ba, ya juya yana tari.
Na dubi Nanbol. Na ce, zo ka ƙarasa.
Hannunsa na rawa. Ya ƙarasa.

Ana kiran magariba Gyang ya hau.
Manya a kashe.
Ya danna.
Rawaya biyu suka zube a ƙasa,
suka lashi kwata, da ƙafar mai shayi,
da wata akuya da ba ta san an yi ba.
Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna,
kamar yaro da sabon takalmi.

Kuɗi? Muka ja, muka ja,
ya cike da rabin buhun dankali.

Cikin dare ruwa ya dawo kan kwanon ɗakina.
Na juya, na lissafa fis, na lissafa rila,
na tuna ƙusar da Nanbol ya ɗaure,
ban bi bayanta ba.

Da asuba waya ta yi ƙara, daga Akwanga.
Iska, injin, da muryar Gyang a tsinke:
"Na ga farin layi.
Tun daga sama har ƙasa, na gan shi."

Na kashe. Na ɗora ruwan dankali.