Tsirkiya Shida, Mutum Ɗaya

A shagon Don Evaristo mai sayar da tsirkiya
na liƙa takardata a bayan ƙofa,
tsakanin mai cigiyar kyanwa
da mai neman rabuwa da tsohon firji:
"Makaɗin jita, shekara talatin da ɗaya yana yi,
yana neman ƙungiya.
Ina da lasifikata. Ba na makara. Na bar sha."
Na tsaga gindinta yatsu goma, kowanne da lambata.

Sati uku ina leƙawa kamar mai dubiya.
Yatsu tara na nan suna lilo.
Na goman ni na cire, don kada takardar ta ji kunya.

Ai da muna da suna a Valparaíso.
Mu biyar, daren Asabar, mashayar gindin tudu,
'yan dakon tashar jirgin ruwa na dukan tebur da kwalba.
Sai Aníbal mai ganga ya kwanta bai tashi ba.
Fresia ta bi ɗanta kudu, ta tafi da muryarta.
Sauran biyun ba sa ga-maciji kan kuɗin wani biki
da ko angon ya manta da shi.
Ni aka bar wa wayoyi, a nannaɗe cikin buhu.

Da rana in gyara birkin motocin haya,
da dare in kaɗa wa bango,
bango kuwa bai taɓa ce min na yi sauri ba.

Ran Talata waya ta yi ƙara.
Muryar yarinya: "Kai ne mai takarda?"
Ashe hoto ake ɗauka yanzu, ba a yagewa.
"Matakala ɗari da sittin, gida mai shuɗiyar ƙofa."
Na hau, jita a baya, lasifika a ƙirji,
na huta sau uku, wani kare ya raka ni rabin hanya.

Su uku ne. In ka tara shekarunsu, da ƙyar su ɗara nawa.
Kwalayen ƙwai a bango saboda maƙwabta.
Maite ke riƙe da jita mai kaurin murya,
Renato na bayan ganguna, Amaru ke waƙa.
Aka ƙirga huɗu.

Na zazzage musu duk abin da na tara.
Yatsu na kai da komo kamar ɓera ya sami rumbu,
duk gurbin da suka bari sai na cusa kaina.
Na gama ina haki, ina jiran jinjina.
Renato ya tsura wa takalminsa ido.

Maite ta ce, "Don Nibaldo, iyawa kam ka iya.
Amma gurbin nan da gangan muka bar shi.
Ta nan waƙar ke numfashi."

Zuciya ta taso min. Na haifi wadda ta girme ta.
Har hannuna ya kai ga waya zan zare,
sai na tuna Aníbal ya taɓa faɗa min haka
a bayan wata akori-kura, muna dawowa daga wasa,
na ce masa hassada ce.

Muka sake.
Sauti uku na taɓa, na ɗage hannu.
Cikin shirun na ji ganga tana takawa,
na ji Maite ta shigo ta ƙarƙashi,
sai ƙahon wani jirgi daga teku
ya faɗo daidai inda da zan toshe.
Amaru ya yi dariya a tsakiyar baiti.

Ba su ce an ɗauke ni ba.
Sun ce akwai wani zai zo gwaji ran Juma'a.
Amma da na sunkuya zan ɗauki lasifika
Renato ya ce, "Bar ta nan mana,
wa zai sake hawa da wannan kaya?"

Na sauko da jita kaɗai,
ban ƙirga matakala ko ɗaya ba.
Takardar tana can a ƙofar Evaristo.
Gobe zan biya in cire ta.
Ko jibi.
Bari dai Juma'a ta wuce.