Teburin Nalado

A Ƙofar Guga, bayan isha'i,
Malam Sada ya ɗaga ƙullin ganyen shayi:
"Kan wannan aka ci Sin da yaƙi."
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Ingila na sha, azurfarta na tsiyaya,
sai ta koma biya da ofiyom.
Soja ya zuƙa, magatakarda ya zuƙa,
mai gadin gaɓa ya miƙa hannu ta baya.
Da aka lalata kayan mayen
jiragen yaƙi suka taso.

Jirgin Sin sai iska ta yarda.
Na Bature gawayi yake ci,
ya haura kogi ko iska ta ƙi.
Igwar kan ganuwa fuska ɗaya ta sani,
aka zago mata ta ƙeya."

Ya juya cokali, ya daɗe yana juyawa.

"Amma babbar cutar takarda ce.
Jagoran yaƙi ya gudu, ya rubuta: mun kore su.
Na sama ya ƙara gishiri.
Kafin ta kai fada an yi nasara sau uku.
Sarki na rabon tukuici,
garuruwa na faɗuwa.
Wanda ya ɗauki kansa cibiyar duniya
ba ya tambayar baƙon maƙeri
da me ya narka ƙarfensa."

Nalado ya tsiyaya madara, bai ce uffan ba.
Daga bencina ina hango
guntun ganuwarmu, damina ta cinye rabi,
da samari biyu a gindinta
suna miƙa wa juna kwalba.