Garin Masu Jela

Daren farko a Balik Pulau ban runtsa ba.
Wani abu a bayan agogon bango
yana ta tsaki, cak-cak-cak,
kamar tsohuwar da aka wuce ba a gaishe ta ba.
Na kunna fitila: tsaka.
Ba ɗaya ba, bakwai na ƙirga,
wata cikinta garau har ana hango ƙwai.
Na ɗaga takalmin Lawandi,
ya ce daga cikin mayafi, "Da wacce za ki fara?
Sun riga mu kama hayar gidan."

A gidanmu tsaka ba ta kwana da rai.
Haka Inna ta koya mini,
tare da rufe gishiri da kife kwano.

Nan damina ba ta san hanyar komawa ba.
Ruwa ya sauko ba sallama, ya ɗauke,
in shanya kaya, ya dawo.
Takalmin sallah ya yi fumfuna a durowa.
Ƙuli-ƙulin da na riƙo tun daga gida,
gwangwani cikin gwangwani,
tururuwa ta gano shi a kwana biyu.
Mak Cik Rosnah ta leƙo ta kan shinge,
ba mu da yare ɗaya, sai ta yi da hannu:
ƙafar kabad, kofi, ruwa.
Yanzu abincinmu a tsibiri yake zaune,
kamar mu.

Birai ranar Talata suke zuwa,
ranar motar shara, sun fi ni riƙe kalanda.
Babbansu ya zuge taga ya hau firij,
ya ɓare ayaba yana yi mini
kallon mai gida ga baƙon da ya daɗe.
Da zai fita ya haɗa da tabaran Lawandi.
Sati guda mijina na karatu
hancinsa na shafar takarda.

A kwatar bayan gida akwai guza,
tsawonsa ya kai darduma.
Nafi'u ya raɗa masa Alhaji,
wai ba ya sauri kuma ba ya kauce wa kowa.
Na ce a kira hukuma.
Mak Cik ta yi dariya har ɗankwali ya zame,
Jawahir ta fassara
(wata biyar kacal, yaren ya zauna a bakinta):
"Ta ce ki ƙirga ɓerayen da ba ki gani ba."

Wata Laraba bayan la'asar
Jawahir ta turo ƙofar kicin da ƙarfi,
sai ga ta tana kuka, tafin hannu a buɗe,
jelar tsaka a kai, tana ta mutsu-mutsu
ita kaɗai, ba mai ita.
"Mama, za ta mutu?"
Shekara talatin da huɗu ina kashe su,
ban san amsa ba.

Muka sa ido a bayan agogo.
Ga ta nan, guntuwa, tana farautar sauro
kamar ba abin da ta bari a bakin ƙofa.
Sati uku, wani ɗan tsiro.
Wata biyu, jela,
gajera, launinta bai yi daidai da jiki ba,
ana ganin inda aka haɗa.

Na ba Inna labari a waya,
ta ce, "Ai dama an faɗa,
in ka je gari ka tarar kowa da jela,
kai ma nemo ka maƙala."
Na yi dariya, na ajiye waya,
na daɗe a tsaye ina jin 'ya'yana a waje
suna faɗa da birai da yaren da ba nawa ba.

Har gobe ina rufe gishiri.
Amma takalmi na bakin ƙofa inda aka cire shi.
Jiya da dare ina tsane kwanuka
guntuwar ta yi tsaki a bayan agogo,
kafin in ankara na ce mata,
"Lafiya lau. Ya gida?"