Ɗigo na Ashirin

Ta iso Daberam ran Laraba,
da baƙin akwati a bayan mashin,
Ramlatu, jikar Ilu mai gyaran keke.
Ta ce, Baba Nagoma, kai aka ce in nema,
kai ka san inda ƙififiya ke ajiya.

Na ce, shekara arba'in ina jefa koma,
abin da na sani a tafin ƙafata yake.
Ta buɗe akwati. Wani abu mai fanka huɗu
ya yi kukan zuma, ya tashi.
Awaki suka watse, yara suka bi shi da dariya.

Kurman jirgi ne, in ji ta, ba kowa a ciki,
ido muka aika sama.
Ta miƙo allo. Ruwan da ya cinye ƙuruciyata
ya dawo kamar tabarmar salla,
ga kwalekwalena, ƙwayar shinkafa a tsakiya.

Ta nuna wani fari: nan ne?
Nan wanki ake, sabulu ya kashe wurin.
Wannan fa?
Guza ne, ba ki ga jan wutsiya?
Ita in ta hau tudu da dare
sai ki ce faranti aka ja kan gari,
ta tona, ta zuba, ta rufe,
ta koma ruwa ba ta waiga baya.

Kwana tara muna haka.
Jirgi ya gani, ni in fassara,
ita ta ɗiga ja a taswira.
Sha tara muka ƙirga.
Da ina yaro ba ka taku uku a gaɓar nan
ba ka ji yashi ya lotsa ba.
Ban gaya mata hula nawa na cika da ƙwai ba,
ban gaya mata da manja muke soyawa ba.
Ta dubi hannuna, ta kau da kai. Na ji kunya.

Akwai abin da jirgin ya gani ba a tambaye shi ba:
ramukan tifa, baƙaƙe, jere,
kamar giɓi a bakin tsoho,
suna matsowa daga arewa.
Daura na gini, bulo na son yashi,
kuma shebur ɗin da ya fi sauri a ramin
na ɗana Sabi'u ne, ba ƙarya.

Aka kai taswira gaban mai gari,
aka kafa turaku, aka zagaya igiya.
Da dare Sabi'u ya ture kwano:
Baba, ƙwan ƙififiya ya fi tuwon jikokinka?
Na buɗe baki, babu komai ciki.
Har yau bai gaishe ni da safiya.

Amma akwai gurbi ɗaya ƙarƙashin kanya,
inda ganye ya rufe wa jirgi ido.
Ban nuna ba. Na ce kowane tsoho
ya kamata ya bar abu guda a zuciya.

Shekaranjiya bayan asuba na je.
Yashi na motsi kamar tukunya za ta tafasa.
Suka fito, kowanne bai wuce sule ba,
laka a ido, ba uwa, ba jagora,
suka nufi ruwa kamar an kira sunansu.
Shirwa ta sauko, na jefe ta da takalmi.
Ta ɗauki biyu. Sauran suka shiga lafiya.

Da na juyo, taku goma daga kanyar,
ga sabon sawun taya.

Na ari wayar mai shayi.
Ramlatu, na ce, kina da sauran jan tawada?
Ta ce, Baba, sha tara muka rufe.
Na ce, buɗe. Na ɓoye miki ɗaya.