Layi na Ɗari da Arba'in

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Jidda,
na'urar sanyi tana tari,
teku yana turo gumi ta ƙasan taga.
Waya ta yi ƙara:
tankokin ruwa goma sha ɗaya sun cika, suna tsaye,
gidaje suna jira a Kilo Sha Huɗu,
babu direban da saƙo ya kai wa.

Na buɗe kontirolan oda.
Fes yake, kamar jallabiyar Juma'a.
Ƙofarsa ba ta tambayar kowa komai,
ka zo hannu rabbana, zai tashi ya yi maka maraba.
Sai can ƙasa, layi na ɗari da arba'in,
a wani lungu da ba a cika bi ba,
ya waiwaya ya kira mai sito:
"Nemo mini mai aika saƙo."
Mai sito ya laluba. Wayam.
An sauya wa abin suna tun Talata,
ba wanda ya san akwai mai jiransa a nan.

Mudassir ne ya gina siton, shekara huɗu ke nan,
mutumin Wad Madani, mai shan shayi kamar magani.
Hujjarsa ba ta banza ba ce:
maɓalli ɗaya, ƙofa ɗaya,
kowa ya buƙaci abu ya je ya karɓa,
me ya kai mu ɗora wa yaro kaya tun yana zaure?
Na daɗe ina gyaɗa masa kai.

Amma a daren nan Goggo Tambai na tuna,
mai girkin biki a Hindawiyya.
Ba ta kunna gas sai an jera mata komai a faranti,
shinkafa, man shanu, daddawar da aka kawo daga gida,
har gishiri sai ta gan shi da idonta.
In aka ce mata, "Fara, akwai a sito,"
sai ta ce, "Ba na ɗora tukunya a kan alkawari.
Abin da babu, in sani tun wuta ba ta kama ba,
ba sai baƙi sun wanke hannu ba."

Don haka na fito da buƙatun kontirola bakin ƙofa.
Rumbun bayanai, a miƙo masa.
Mai lissafin kuɗi, a miƙo masa.
Mai aika saƙo, a damƙa masa hannu da hannu,
in babu, kada ma ya tashi,
ya faɗi a gabana, da rana, ina da shayi a kofi.
In zan gwada shi, in ba shi ɗan aiken ƙarya,
in ga abin da zai raɗa masa.

Na ƙirga su. Tara.
Kunya ta kama ni.

Da safe Mudassir ya leƙo allona, ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Wannan ƙofa ce ko jerin kayan lefe?"
Na ce, "Tara suke tun ran da ka gina shi,
ƙarƙashin gado suke, na dai fito da su tsakar gida."
Ya yi shiru, ya kurɓi shayi.
Ya ce, "To ai yaron aiki ya yi masa yawa."
Muka raba shi uku kafin Azahar.

Bai ce na yi gaskiya ba, ban kuma nema ba.
Akwai wani tsohon sashe, na rasit,
inda har yau mai sito ke zaune da maɓallansa.
Na taɓa shi sau ɗaya, bango ya girgiza,
na janye hannuna, na rubuta masa "sai wata rana."

Saƙon farko da ya fita, wajen Asuba ne,
zuwa ga wani direba, Abdulmajid.
Amsarsa tana nan a rumbu, kalma huɗu:
"Tun ɗazu nake jira."