Ramuka Tara na Mushe Nomau

Ƙwallon lambu ake ce masa a rediyo,
amma mu ba lambu muka samu ba.
Fako muka samu, bayan ajin kimiyya,
da gawo uku, da jajayen awakin Bagalam
masu kallonmu kamar mun ci musu bashi.

Mushe Nomau daga Yamai ya dawo
da sanduna huɗu cikin buhun taki.
Shekara goma sha ɗaya yana saɓa jakar nasara,
bakinsa gum, idonsa a kan ƙugu da kafaɗa,
har hannu ya haddace abin da ba a biya masa ba.
Shugaban makaranta ya yi dariya, ya sa hannu:
"Fili ga shi nan. Kuɗi babu."

Gwangwanin tumatir ya binne, guda tara.
Ya tankaɗe yashin Gulbi da rariyar matarsa,
ya kwaɓa da baƙin man garejin Sahabi,
ya daɓe bakin kowane rami.
Tutar na biyar hannun tsohuwar rigarsa ce.
Ƙwallo goma sha bakwai gare mu, duk makarantar;
in ɗaya ta shige ƙarangiya
ba mai shan ruwa sai an gano ta.

Ba ya tsawa.
"Rabe, sanda ba gatari ba ce."
"Habsu, bar leƙen rami, rami ba ya zuwa ko'ina."
Ni kuwa, wata Laraba: "Nawa ka buga?"
Na ce biyar.
Ya juya mini ƙeya yana duban gawo,
yana duban gawo,
har bakina ya ce shida don kansa.
"Wasan nan ba shi da alƙali," in ji shi,
"kai ne ɓarawon, kai ne ɗan sandan."

Kofi ɗaya muka taɓa ci, ba zan ƙara masa gishiri ba.
Tsahara, 'yar mai zogale daga Jiratawa,
ta je Kano da takalmin aro,
ta ga ciyawa shar, ta durƙusa ta shafa,
ta tambaya ko an yarda a taka.
Kwana uku ta yi tana takawa,
ta wuce 'ya'yan masu motoci da bugu biyu.
A Ɗan Isa ɗan duwan ya ƙwanƙwasa kofin
yana so ya ji ko azurfa ce.
Mushe ya ce, "Dalma ce, yallaɓai.
Gumin da ke ciki ne mai tsada."

Sauran shekarun, na uku, na bakwai,
shekarar da ruwa ya cinye ramuka huɗu,
shekarar da ba kuɗin mota.
Ashirin da uku ya yi a fakon nan,
bai taɓa sa rigarsa ta biki don wasa ba.

Yanzu Rabe awon hanya yake yi wajen Tasawa,
Habsu na karɓar haihuwa,
Tsahara na da ɗalibai nata.
Ni littafin kuɗin 'yan gyaɗa nake riƙewa,
kuma duk ranar da alƙalami ya so ya rubuta biyar
sai in ga ƙeyar nan.

An yi bene a kan filin bara.
Magina sun tono gwangwani, tsatsa ta ci gindinsa,
na kai masa har ƙofar gida a unguwar Zariya.
Kafaɗar dama ta daina ɗaguwa,
da hagu ya karɓa, ya jujjuya, ya shinshina.
"Na bakwai ne," ya ce,
"wanda ƙasarsa ke zamewa wajen gabas.
Kullum nan kake gaggawa."

Sai ya miƙa wa jikarsa,
ya ce ta zuba wa tantabaru dawa.